Kiɗan koriyar aljana

Ɗan_Sautu:
Salamu alaikum yan uwa, jiya da daddare na saka iyafis na ji wani kiɗa irin ambiyan ɗin nan mai shimfiɗa, minti 14 ba ganga ba murya, wai kan absint aka gina shi, koriyar giyar nan da Faransawa ke wa kirari da koriyar aljana, ni dai ban taɓa sha ba Allah ya tsare amma kunnena ya kurɓa

Ɗis, ɗis, ruwan sanyi ke ɗiga,
Ya bi ta kan sukari cikin kofi ya shiga,
Kore ya koma fari, ka ce kindirmo ka ga,
Sautin ɗigon aka ja, aka ja, har ya fita ta taga.

Hajjo:
Ƙanena kiɗa ne ko injin markaɗe ya lalace?
Na jira amshi har shayina ya huce,
Ba kalangu ba gurmi, gunji kawai a kwance,
Kiɗan giya kuma? Tuba tun kafin ka zauce 😂

Malam_na_Zongo:
Hajiya a yi masa uzuri, ga tarihin

Ganyen cikinta tazargade ne danginsa,
Mai ɗacin da kaka ke jiƙa wa jikokinsa,
A Kuve ta Suwizalan, 1797, wani mai suna Perno ya ɗora tukunyar giyarsa,
1805 ya haye Fontarliye ta Faransa,
Sojan da ya je cin Aljeriya an ba shi don zazzaɓinsa,
Ya koma Faris da ƙishinta, biyar na yamma kowa da kofinsa.

Ɗan_Sautu:
Allah ya ƙara ilimi Malam, yanzu na gane dalilin da a minti na 9 sautin ya ƙeƙashe kamar rediyo ta rasa tasha sannan ɗif aka yi shiru

1905 a Suwizalan wani mai suna Lanfire ya harbe matarsa da 'ya'ya,
Ya wuni yana ɗirkar ruwan inabi da barandi ba kunya,
Kofi biyu na koriya kaɗai aka kama aka kai shari'a,
Suwizalan 1910, Amurka 1912, aka haramta ta kowa ya juya baya,
Faransa 1915 ta rufe ƙofa ta ja sakata gaba ɗaya,
Shirun nan na kiɗa shi ne shekarun da ta yi a ɓoye a ƙauye, Yaya.

Hajjo:
Wato kura ta ci akuya an kama kare,
Duk uwarsu ɗaya, ni ba wadda zan ware.

Malam_na_Zongo:
Gaskiyarki Hajiya. Amma da ni ne makaɗin ga abin da zan naɗa

1901 tsawa ta faɗa wa masana'antar Perno, wuta ta tashi,
Aka buɗe tankunan giyar cikin kogin Du don kar gari ya bi shi,
Bayan kwana biyu mafarin kogin Lu ya ɗau ƙamshi,
Ashe ta ƙarƙashin ƙasa ruwan ke bi, ba mai ganin shi,
Wannan gunjin na cikin dutse nake so in ji an kaɗa shi.

Hajjo:
To na sake kunnawa don kar a ce na yi gardama,
Autana da ya hana ni barci tun jiya ya yi lamo a tabarma,
Sunan dai ban so, sai ka canja masa, amma
Turo min na minti 30 kafin a ɗauke wuta da yamma.