Daidaita pH a tankin murjani: abin da muka tsinta a hirar Garwa

Mu huɗu muka zauna bayan La'asar, kowa da tankinsa na ruwan gishiri da yake kiwon murjanin teku a ciki, ga teku can nesa da mu. Ƙorafin ɗaya ne: da asuba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗi, da yamma ya hau. Babban yayanmu ya ce wannan ba ciwo ba ne, da dare tsirrai ba sa shan iskar kabon, sai ta taru a ruwa ta ƙara masa tsami, pH ya faɗi. Muddin pH yana tsakanin 7.8 da 8.4, a bar shi.

Inda aka daɗe shi ne kan ɗaki. Zafin Garwa kan sa mu rufe tagogi mu kunna na'urar sanyaya ɗaki, numfashinmu ya cika ɗakin da kabon, ruwa ya shanye. Ni na gani da idona: na buɗe taga, kafin Magariba ma'aunin ya ɗaga. A riƙa kaɗa saman ruwa da famfo don kabon ya fita.

A auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa, a riƙe shi tsakanin 7 da 11 a ma'auninsa na dKH, kada a dinga zuba magani don bin lamba. Ruwan da ya ƙafe kuwa, tataccen ruwa marar gishiri ake mayarwa, kaɗan-kaɗan.