Allurorin dashbod suna faɗuwa ina cikin tafiya, ta ina zan fara?

Malamin Makaranta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Motata ƙirar 2007 ce, mai shan fetur. Sati uku ke nan, ina cikin tafiya sai allurar gudu da ta juyin inji su zube ƙasa lokaci guda, fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, can kuma su dawo kamar ba a yi ba. Injin bai taɓa mutuwa ba. Wani lokacin idan na bugi saman dashbod da tafin hannu sai su farfaɗo. Gejin zafi ne ya fi damuna, domin yara nake ɗauka, ba na so inji ya tafasa ban sani ba. Ina da sukundireba da mitar awon wuta da ƙarfen dalma. Zan iya da kaina?

Baba Direba: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, amma kada ka kwance ko kusa ɗaya tukuna. Fara da batir. Mota ta kwana a kashe, ka ɗora mita a kawunansa: lafiyayye yakan ba ka wajen volt 12.6, idan ka ga 12.2 ya kai rabi. Ka tayar da inji ka sake aunawa, ya kamata ka gani tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, altaneta ce ke cika wuta, ita ma tana haukata allurori. Sannan ka kama kan batir ɗin da hannu ka murɗa. Idan ya motsa, ka ɗaure shi kafin mu ci gaba da magana.

Mai Wayarin: Na goyi bayan Baba. Bayan batir sai fiyus. Yawanci biyu ne ke ciyar da mitar dashbod, wato akwatin da allurorin suke ciki: ɗaya mai wuta kullum, ɗaya sai an murɗa makulli. Littafin motar ko bayan murfin akwatin fiyus zai nuna maka su. Kada ka dogara da ido, fiyus yakan tsage siriri ba ka gani ba, ka auna da mita. Amma a gaskiya fiyus da ya ƙone ba ya dawowa da kansa, naka kuwa yana zuwa yana tafiya, don haka hankalina ya fi karkata ga wayar da ke ɗaure a jikin bodi, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Duk allurorin nan ita suka haɗa. Idan kusarta ta yi tsatsa ko ta saki, sai ka ga abin mamaki: ka kunna sigina gejin mai ya riƙa rawa, ka kunna fitila allurar zafi ta hau. Ka lura, shin naka yana da alaƙa da kunna wani abu?

Malamin Makaranta: Na gode Baba, na gode Oga. Batir 12.5 a kashe, 14.1 a kunne, kawunan a ɗaure suke tam. Fiyus duka lafiya. Ban ga alaƙa da fitila ko sigina ba. Abin da na lura ya fi yi a hanya mai gargada, da kuma idan mota ta daɗe a rana.

Ɗan Auta: Malam, ni a ganina kada ka wahalar da kanka. Ka nemi akwatin allurorin na hannu irin naka ka sa, kusoshi huɗu ne da soket ɗaya, minti ashirin ka gama.

Hajiya Babba: A'a ƙanena, a yi hattara da wannan shawarar. Mu haka muka yi da motar gidanmu, aka sa na hannu, allurori suka tashi lafiya lau, amma inji ya ƙi tashi sam. Ashe na'urar da ke gane makulli a cikin mitar take. Kwana huɗu motar na ajiye kafin a samu mai kwamfutar da ya haɗa su. Ga shi kuma kilomitar da ke jiki ba tamu ba ce, ta motar da aka ciro shi ce.

Injiniya: Hajiya ta faɗi gaskiya. A motoci irin su Golf 4 da Ford Focus na biyu, na'urar gane makulli a cikin mitar dashbod take, kuma a motoci da dama lissafin kilomita yana ajiye a wani ɗan guntu a kan allon lantarki na cikin mitar. Saboda haka canji shi ne mataki na ƙarshe, kuma in ya zama dole sai lambar jikin kayan ta zo ɗaya da taka, ba kamannin fuska kawai ba.

Malam, kafin ka kwance ina so ka raba gardama ɗaya: shin saƙon ne ba ya zuwa, ko kuwa yana zuwa mitar ce ta kasa nunawa? Ƙaramar sikana irin wadda ake haɗawa da wayar hannu za ta gaya maka. Soket ɗinta mai ramuka 16 yana ƙasan sitiyari. A Amurka an wajabta shi tun 1996, a Turai kuma motocin fetur tun 2001, don haka taka ta 2007 da wuya a ce babu. Ka sa wani ya zauna gefenka ya riƙe wayar yana kallon gudu da juyin inji da zafin ruwa, kai kana tuƙi. Lokacin da allurori suka faɗi, idan lambobin wayar suna ci gaba da tafiya daidai, to sansoshi, wato na'urorin da ke auno gudu da zafi, lafiyarsu ƙalau, kwamfutar inji ma haka, matsalar tana mitar ko wayoyin da ke shigarta. Ka duba lambobin kuskure kuma. P0500 na nufin sansan gudu. U0155 na nufin sauran kwamfutocin motar sun daina jin mitar dashbod. Wannan ta biyun ita nake zato.

Wani amfanin kuma, kafin ka gama gyara, wayar za ta riƙa nuna maka zafin ruwa, hankalinka ya kwanta game da yaran.

Baba Direba: Ikon Allah. A zamaninmu igiya ce ke tasowa daga giyabos ta juya allurar gudu, in ta tsinke ita kaɗai ke mutuwa, sauran na aikinsu. Yanzu waya biyu ce ke ɗauke da labarin duka.

Injiniya: Haka ne Baba, su ake kira CAN. Har ma ana iya auna su: a cire batir, a sa mita tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin sikana, lafiyayyen layi yakan ba da wajen ohm 60. In aka ga 120, wani ɓangare ya yanke. Amma Malam bai kai nan ba tukuna.

Mai Wayarin: Wani abu da bai cin komai: motoci da yawa suna da gwajin kansu a ɓoye. A Focus na biyu, ka danne ɗan maɓallin share kilomita, ka murɗa makulli ba tare da ka saki ba, sai rubutun gwaji ya fito, allurori su share har ƙarshe su dawo. Kowace mota da nata salon, ka bincika na taka. Amfaninsa shi ne idan allura ɗaya ce ke maƙalewa ko tana karkarwa, ka san ɗan injin da ke juya ta ne ya gaji. Motocin GM na 2003 zuwa 2006 irin su Silverado da Tahoe sun yi suna da wannan, ana cire ɗan injin a sa sabo da dalma. Naka kuwa duka suke faɗuwa tare, ba zai yiwu su gaji rana ɗaya ba.

Malamin Makaranta: Na dawo da rahoto. Na ari sikana, ƙanena ya riƙe wayar. Sau biyu allurori suka faɗi, amma a waya gudu da juyin inji ba su ko girgiza ba, zafin ruwa yana 90. Kuma ga U0155 nan a ajiye kamar yadda Injiniya ya ce. Na kwance wayar bodi da ke gefen ƙafar direba na goge na mayar, bai canza ba.

Mai Wayarin: Madalla, yanzu ka sami izinin kwancewa. Gargada, zafin rana, da bugu da hannu da ke tayar da shi, duk suna nuna abu ɗaya: dalmar da ke riƙe ƙafafun soket a jikin allon ta tsattsage. Zafi na buɗa ƙarfe, sanyi na tsuke shi, nauyin damin wayoyi na jan soket ɗin, shekara da shekaru har zobe siriri ya fito kewaye da ƙafar.

Ga yadda nake yi. Na fara cire kan batir na baƙar waya, in jira minti goma saboda jakar iska. Duk soket mai launin rawaya da ka gani a wajen sitiyari nata ne, kada ka taɓa, kada ka sa masa mita. Ka sauke sitiyari ƙasa iyakarsa, ka ɓare robar gefe da abin roba ba da sukundireba ba. Ɗauki hoto a kowane mataki. Soket ɗin baya yana da ɗan hannu da ake ɗagawa, kada ka fizge. Kafin ka buɗe mitar ma, leƙa cikin soket ɗin da tocila, ko akwai koren tsatsa ko ƙafar da ta lanƙwashe.

Idan ka kai ga allon, sa gilashin ƙara girma, ka ɗan girgiza soket ɗin kana kallon gindin kowace ƙafa. Wadda ta tsage za ka ga ta motsa. Shafa man dalma, ka sa ƙarfen ya yi zafi wajen digiri 350, daƙiƙa biyu zuwa uku a kowace ƙafa, ka ƙara sabuwar dalma kaɗan. Ka bi su duka, ba masu tsagar kawai ba. Abin tsoro ɗaya shi ne dalma ta haɗe ƙafa biyu, don haka ka sake bi da gilashi bayan ka goge.

Hajiya Babba: Idan bai taɓa yin dalma a abu siriri ba, ya fara gwada hannunsa a allon tsohuwar rediyo. Ko ya kai wa mai gyaran wayar hannu allon kawai, su kullum aikinsu ke nan.

Injiniya: Shawara mai kyau, Hajiya. Sai maganar allurori, nan ne mutane suka fi ɓata aiki. A wasu mitocin ana kai wa bayan allon ba tare da an cire su ba, in haka ne ka bar su. In dole ne, ka juya kowace a hankali zuwa inda ta tsaya da kanta, ka manna ɗan tef a fuskar ka yi alama daidai bakinta. Ɗago ta da cokula biyu ta gefe da gefe, ka sa takarda a ƙasa don kada fuskar ta karce, ka ja sama sak. Kuma kada yatsa ya taɓa baƙar fuskar, shaidarsa ba ta fita da sauƙi.

Baba Direba: Tunda ka buɗe, in mai ƙwayayen fitila ce ka canza waɗanda suka yi baƙi. Amma ƙwan alamar batir kada ka cire shi ka bar ramin haka. A tsofaffin motoci da yawa ta cikinsa wutar farko ke bi ta tayar da altaneta, in babu shi sai ta ƙi caji yadda ya kamata.

Ɗan Auta: Na karɓi gyara, Hajiya. Ban san da maganar makulli ba wallahi.

Malamin Makaranta: Alhamdu lillahi. Ƙafafu biyar na samu da tsaga, biyu daga ciki ina taɓa soket suna motsi a fili. Na gwada hannuna a tsohon allo kamar yadda Hajiya ta ce, sannan na bi su duka. Kwana shida ke nan, na bi hanyar gargadar nan sau uku, ko ƙiftawa ba su yi ba, na share lambar kuskuren kuma ba ta dawo ba. Allah ya saka muku da alheri. Saura abu ɗaya: dole ta sa na cire allurori, yanzu idan wayar na nuna 60, allurar na kan 52.

Injiniya: Ta zauna ƙasa da gurbinta, kuma a gyara da wuri, domin mitar da ke nuna ƙasa da gudunka na gaskiya hatsari ce. Cire gilashin gaba kawai, ka haɗa mitar a mota, ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka bar ɗan injin ya koma mazauninsa. Ɗago allurar, ka mayar da ita daidai kan sifiri, ka danna kaɗan ba har ƙasa ba. Fita ka gwada da ƙanenka a 40 da 60 da 80. In ta yi daidai ko ta ɗara wayar da biyu zuwa uku, sai ka ƙarasa dannawa, ka bar ɗan rata tsakaninta da fuskar. Ka gwada ta zafi da sikana ita ma kafin ka mayar da gilashin.