Cikin kwasa-kwasan nan uku, wanne zan ajiye sai baɗi?

Ɗalibar Lissafi:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a sashen lissafi, da NCE na shigo. Bara na yi jinya wata biyu, kwas biyu suka zame mini kari-oba. Da na je rijista, malamin da ke kula da ajinmu ya ce ba a wuce yunit 24 a zango, don haka cikin Liniya Aljebra, Riyal Analisis da Difarenshiyal Ikweshan dole in bar ɗaya. Raina ya fi kwanta da barin Liniya, tunda an ce ita ce mai sauƙi. Fom ɗin na kan tebur tun jiya, na kasa cikewa. Don Allah a ba ni shawara.

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara lafiya ƙanwata. Kada ki taɓa Liniya. Ni abin da na yi ke nan, kuma na ji a jikina. Farkon Difarenshiyal komai lafiya lau, kalkulas ɗina ya ɗauke ni. Ranar da aka zo warware ikweshan biyu a haɗe, malam ya zuba su cikin matiris (jadawalin lambobi da ake koyo a Liniya) ya ce a nemo aigenbaliyu, wato wasu lambobi na musamman da ake cirowa daga matiris ɗin, sai na ajiye biro ina kallon allo. Dare uku na yi da littafin aro kafin na kamo su. A aji uku ma, in an zo Abstirak Aljebra, misalin da za a fara ba ki shi ne A sau B ba lallai ya zama daidai da B sau A ba, kuma daga matiris aka ɗauko shi.

Mai Digiri na Biyu:
Gaskiyar Malam ce. Ni Analisis zan ce ki jinkirta. Ba lissafin nemo amsa ba ne, hujja ake kafawa layi bayan layi da epsilon da delta, haruffan da ke wakiltar ƙananan lambobi. Niyuton da Laibniz sun fito da kalkulas a ƙarshen ƙarni na 17, amma sai 1821 Koshi, masanin lissafi ɗan Faransa, ya fitar da littafinsa da ya fara ɗora kalkulas ɗin a kan ƙwaƙƙwaran tushe. Abin da ya ci wa masana sama da shekara 100 ba a haɗa shi da kari-oba biyu. Liniya za ta fara saba miki da kafa hujja a hankali.

Ɗan Aji Huɗu:
Kafin ki cike, buɗe littafin sashenku. A wajenmu sai an ci Analisis na ɗaya ake barin mutum ya ɗauki na biyu. Abokina bai duba ba, shekara guda ta ƙaru masa.

Ɗalibar Lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, mu ma haka ne, amma na biyun a zango na biyu na aji uku yake, zan samu in ci na ɗaya kafin nan. Na sa Liniya da Difarenshiyal, gobe da safe zan kai wa malamin ajinmu ya sa hannu.