Warin magudanar wanka da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi: ina neman shawara

Ɗan Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida manya da abokan aiki da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar jiragen ruwa a Tema. Wata huɗu ke nan da aka ba ni amanar kula da wani ƙaramin jirgin shaƙatawa na faiba, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, mai ɗaki ɗaya da banɗaki, wanda yake ɗaure a Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku. Maigidana da iyalinsa sukan taso daga Accra ranar Asabar su kwana ɗaya a ciki, ni kuma nakan riga su isa tun Juma'a domin in gyara wuri.

Damuwata ita ce, duk ranar da na buɗe ƙofar jirgin bayan ya yi kwana biyar a rufe, sai wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya tarbe ni, kuma daga banɗaki yake fitowa. Idan ana wanka, ruwa yakan tsaya har idon sawu kafin ya janye a hankali. A makon jiya na ɗaga katakon daɓe na iske ruwan sabulu ya kwanta a gindin jirgi, da wata baƙar dauɗa mai yauƙi, batir kuma ya yi ƙasa alhali ban bar fitila ko ɗaya a kunne ba. Wani ya ba ni shawarar in zuba soda irin ta masu haɗa sabulu, in bi ta da bilic, wato ruwan sinadarin da ke sa tufafi fari, amma ban yi ba tukuna domin jirgin ba nawa ba ne. Me ya kamata in yi, kuma ta ina zan fara?

Makanikin Tema ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi daidai da ka dakata, kuma ina roƙonka kada sodar nan ta shiga jirgin ko kaɗan. Idan ta haɗu da ruwa zafi take fitarwa, zafin da zai iya lanƙwasa robar akwati da tiyo, sannan tana cin alminiyam. Bilic mai yawa kuma yana busar da robobin cikin famfo har su tsage, yana kuma taɓa ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa. A gida magudana faɗi gare ta, kuma gangare take bi zuwa kwata, amma a jirgi ba haka lamarin yake ba.

Daɓen banɗakin ƙaramin jirgi yawanci yana daidai da layin ruwan waje ne ko ƙasa da shi, saboda haka ruwan wanka ba shi da hanyar fita da kansa. Yakan gangara ne zuwa wani ƙaramin akwatin roba da ke ɓoye a ƙarƙashin daɓe, wanda mu a wurin aiki muke kira samp. A cikinsa akwai abu uku: rariya mai tare gashi, da makunni mai iyo wanda yake tasowa idan ruwa ya yi yawa, da ƙaramin famfo mai aiki da batir na bolt 12, wanda yake tura ruwan ta tiyo zuwa wata kafa a jikin jirgi sama da layin ruwa. Duk alamomin da ka lissafa, daga wannan akwati suke. Rariya ta toshe, shi ya sa ruwa yake tsayawa. Dauɗa ta riƙe makunnin, to idan ya maƙale a ƙasa famfo ba zai tashi ba, akwati ya cika ya malala cikin gindin jirgi, idan kuwa ya maƙale a sama famfo zai yi ta juyawa babu ruwa har ya shanye batir. Warin kuma aikin ƙwayoyin cuta ne da suke cin sabulu da dattin jiki a wurin da babu iska, kuma zafin ƙasarmu yana hanzarta su ƙwarai.

Maganin hannu ne. Ka kashe wutar famfon tukuna, ka sa safar hannu, ka kwance murfin akwatin, ka ciro rariyar ka tsince gashin. Ka kwashe ruwan da soso da bokiti, ka goge bangon akwatin da tsohon burushin haƙori da sabulun wanke kwanuka, ka ɗaga makunnin da yatsa sau da yawa har ka ji yana hawa yana sauka ba tare da tirjiya ba. Galibin waɗannan famfuna ana iya zare su daga gindinsu, to ka zare ka duba farfelar, domin gashi yakan naɗe a jikin sandarta ya rage mata ƙarfi. Daga nan ka mayar da wuta, ka zuba bokiti biyu na ruwan ɗumi ta magudanar, ka tsaya ka ga famfo ya tashi da kansa ya kuma tsaya da kansa. Kada lambar da aka rubuta a jikinsa ta ruɗe ka: galan 800 a awa, wato kimanin lita 3,000, an auna shi ne babu tiyo babu hawa, saboda haka abin da yake fitarwa a jirginka bai kai haka ba, kuma ƙaramin toshewa yana isa ya gajiyar da shi.

Hajiyar Madina ta amsa:

Ɗana, na yi shekaru ina aikin girki da tsabta a jirgi kafin in zauna gida, kuma abin da Malam Makanike ya faɗa gaskiya ne, sai dai ina so ka duba abin da ake shiga da shi banɗakin. Sabulun sanda, har da sabulun salo namu, idan ya haɗu da ruwa mai gishiri-gishiri irin na bakin teku, yakan bar wani farin maiƙo da ke liƙewa a tiyo. Man kaɗe kuma a jiki yake narkewa, amma da zarar ya sauka cikin akwatin da ruwa ya huce sai ya daskare ya kama gashi. Soson raga da muke amfani da shi a nan Ghana, idan ya tsufa, zarensa yana zubewa, kuma ba ya ruɓewa. Ka sa wa iyalin maigidanka sabulun ruwa, ka ɗora ƙaramar rariya a bakin magudanar, ka kuma roƙi uwargida cikin ladabi a riƙa taje kai a waje.

Abin da ya fi amfanata shi ne, duk wanda ya yi wankan ƙarshe, in bi bayansa da buta biyu ta ruwan zafi wanda hannu zai iya jurewa, ba tafasasshe ba, domin ruwan da zai kwana a akwatin ya zama mai tsabta. Sau ɗaya a wata nakan zuba kofin ruwan khal, wato binega, in bar shi ya ɗan jima. Amma ka riƙe wannan da kyau: kada ka taɓa haɗa khal da bilic, domin iskar da suke fitarwa guba ce, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasan jirgi, daidai inda za ka sunkuyar da kanka kana aiki.

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Yaro, ni gindin jirgin ne ya fi damuna, ba banɗakin ba. Ruwan sabulun da ya malala can ya kai gashi da dauɗa wurin babban famfon gindi, wanda shi ne abin dogaronka ranar da jirgi ya fara shan ruwa, kuma makunninsa iri ɗaya ne da wanda ya maƙale maka. Ka wanke shi kamar yadda Malam ya kwatanta, sannan ka bi ƙananan kafofin da aka huda a jikin haƙarƙarin jirgi domin ruwa ya gangara zuwa wuri mafi zurfi, ka zura waya ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka ka tsane gindin da tsumma har ya bushe ƙayau. Amfanin busasshen gindi shi ne, duk ruwan da ka gani gobe ka san sabo ne, sai ka bi sawunsa ka gano ko daga banɗaki yake, ko ruwan sama ne, ko kuwa jirgin ne yake yoyo.

Idan ka ga ruwan yana ƙyalli da launi-launi, to akwai dizal ko baƙin mai a ciki, kuma ba ya halatta ka tura shi cikin kogi. Ka shimfiɗa auduga mai shan mai irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan jirgi a Tema, ka kwashe sauran a jarka ka fita da shi tudu. Zuba omo a kan mai ba ya kawar da shi, tarwatsa shi kawai yake yi ya nutse. Yarjejeniyar duniya ta MARPOL ta hana manyan jirage zubar da ruwan gindi idan man da ke ciki ya wuce kashi 15 cikin miliyan, Ghana ma tana da dokarta ta hana gurɓata teku ta shekarar 2016. Ko da babu doka, mutanen Ada daga wannan ruwa suke kamun kifi da tsintar ƙumba.

Abu ɗaya nake so ka duba da idonka: kafar da tiyon yake fita ta cikinta. Tiyon ya kamata ya hau sama sosai kafin ya sauko zuwa kafar, domin idan jirgi ya karkata ko igiyar ruwa ta buga, kada teku ta biyo ta nan ta shigo. Wasu sukan dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya, amma ni ban yarda a sa shi a babban famfon gindi ba, saboda ɗan datti yana iya rufe shi a lokacin da ake buƙatarsa.

Ɗan Nima ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya da Baba. Jiya Juma'a na buɗe akwatin, na ciro gashi da zaren soso cike da tafin hannu, makunnin kuma na same shi a maƙale a sama. Na wanke komai, na busar da gindin, na kuma buɗe kafofi uku da suka toshe. Yanzu ruwa yana janyewa nan take. Abu biyu suka rage: famfon yakan tsaya, bayan ɗan lokaci ya sake tashi na daƙiƙa kaɗan, kuma har yanzu ina jin ɗan wari a cikin kabad ɗin da tiyon ya ratsa.

Makanikin Tema ya amsa:

Tashin da yake yi, ruwan da ya rage a cikin tiyo ne yake dawowa akwati ya ɗaga makunnin. Maganar Baba game da babban famfo tana nan daram, amma akwatin wanka yawanci yana zuwa da nasa ɗan bawul na roba a bakin fita, kuma ina zaton gashi ne ya hana naka rufuwa. Ka cire tiyon, ka wanke bawul ɗin, idan robar ta taurare ka canza shi. Game da wari kuwa, ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ka naɗe shi a jikin tiyon har ya huce, sannan ka fita waje ka shinshina. Idan tsumman ya ɗauki warin, to ya riga ya ratsa robar, wanki ba zai fitar da shi ba, sai sabon tiyo. Ka yanki guntun tsohon ka tafi da shi shago domin a ba ka daidai faɗinsa, yawanci milimita 19 ne, ka nemi mai santsin ciki ba mai zobba ba, ka kuma sayi sababbin kilif, wato maɗaurin ƙarfe na bakin tiyo, a lokaci ɗaya.