Yarana suna son tatsuniya, amma ba sa iya jera ta

Malamar jardan, Tawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe da ajin manya na jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, yara 46, 'yan shekara 5 zuwa 6, baɗi za su shiga CI, ajin farko na firamare. In na yi musu tatsuniya tsit suke yi, amma in na ce wani ya maimaita, sai ya fara da wutsiya ya koma kai. Na yanka hotuna shida na ce su jera, rabinsu suka jera daga dama, sauran suka watsa yadda suka ga dama. Ina kuskuren yake, kuma daga ina zan kama?

Malama mai horar da malamai, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin kawo hoto da wuri, kuma shida sun yi yawa. Baki ake fara gyarawa, sannan hannu. Ki yi mako biyu ba hoto ko ɗaya, kina sa su faɗi abin da suke gani kullum a gida, mataki uku kacal: inna ta surfa gero, ta daka, ta dama fura. Ki ɗora kowane mataki a kan kalmarsa, kuma kada ki canza kalmomin: da farko, daga nan, a ƙarshe. Yaro da kansa "sai, sai, sai" zai riƙa yi, wannan ba laifi ba ne, haka Hausa take jan labari. Amma "sai" ba ta nuna masa inda labari ya tashi da inda ya sauka, shi ya sa ake ƙara masa waɗannan ukun. Ki haɗa su da jiki: taɓa kai, taɓa ciki, taɓa ƙafa.

Bayan haka ki kawo hoto biyu, ki tambaya wanne ya riga wanne. Tulu lafiyayye da tulu fasasshe. In sun iya, ki sa na uku a tsakiya. 'Yan shekara 5 za su kai huɗu ko biyar kafin ƙarshen shekara, amma ba a watan farko ba. Minti 10 zuwa 15 ya isa, da safe kafin rana ta yi zafi.

Malamin CI, Tawa:
Malama, waɗanda suka jera daga dama kada ki ce sun faɗi. Ki duba da kyau, da yawansu jerinsu daidai ne, hanya ce ta bambanta. Suna zuwa makarantar allo, can rubutu daga dama yake tashi, kuma nan ne idonsu ya saba. Ki ja layi a ƙasa da alli, ki ajiye dutse a gefen hagu, ki ce a boko daga wurin dutse ake tashi. Kada ki ce na allo kuskure ne, ki ce kowane karatu da ƙofarsa. Yaron da ya kama wannan a jardan, a CI ba ya karanta "ba" a matsayin "ab".

Wata uwa a zauren:
To ai ga alwala, Malama. Hannu, baki, hanci, fuska, har zuwa ƙafa. Jeri ne da kowane yaro yake gani sau biyar a rana.

Malama mai horar da malamai, Yamai:
Hajiya, alwala tana da amfani wajen koyon "daga nan", amma ba ta isa ba. Jerinta hadda ce: yaro ya san fuska tana bin hanci saboda haka ya gani ana yi. A labari kuwa abu na biyu yana faruwa ne saboda na farko, kuma wannan ɗaurin ne muke so ya gano, don shi zai riƙe shi ranar da ya fara karatu da kansa.

Ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Hankaki suka ba shi aron gashi. Suka tashi tare zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa. Ya yi haɗama ya hana su ci. Suka ƙwace gashinsu, ya faɗa ruwa. Hoto huɗu ke nan, kuma ba wanda za a ɗaga daga wurinsa labari bai karye ba. Irin wannan ake nema. Tatsuniyar da Gizo ya gamu da kura, ya gamu da zaki, ya gamu da giwa, ba ta dace da wannan aiki ba, domin ko yaya aka jera su daidai ne, sai ki hukunta yaro a kan abin da ba shi da dalili.

In yaro ya jera ba daidai ba, hannunki ya tsaya a bayanki. Ki karanta masa jerinsa da babbar murya kamar gaske: "Da farko Gizo ya faɗa ruwa, daga nan aka ba shi gashi." Aji zai fashe da dariya, shi kuma zai miƙa hannu ya juya su. Sai ki tambaye shi: "Me ya sa wannan ya riga wancan?" Amsar bakinsa ta fi jerin muhimmanci. Akwai yaran da ke jera daidai don sun leƙi na kusa da su, wannan tambaya ce take tona su.

Malami mai zanen kayan aji, Yamai:
Kan hotunan kuma. Takarda A4 a yanka huɗu, a manna a kan kwalin sukari ko na sabulu, girman ya yi wa hannun yaro daidai. Matsalar da ta fi yawa ita ce hotuna masu kama da juna: Gizo a kan ɓaure, Gizo a kan ɓaure kuma, bambancin ɗan ƙarami a lungu. Kowane hoto ya zama da babban canji ɗaya da za a hango daga bayan aji, Gizo tsirara, Gizo da gashi, Gizo a ruwa. Kada ki rubuta lamba a fuskar hoto, in ba haka ba ƙidaya za su yi, labari ya tafi. Ki sa ɗigo a baya, ɗaya, biyu, uku, su juya su duba bayan sun gama. Kowane jeri da launin bakinsa da ledarsa, don ranar da suka cakuɗe ba za ki kwana kina tsinta ba.

Yara 46 ba za su yi aiki da jeri ɗaya ba. Ki raba su rukuni takwas, biyar ko shida a tabarma, kowane rukuni da nasa. In kwali bai kai ba, ki ba yara huɗu manyan hotuna su tsaya gaban aji a hargitse, sauran su ce wa zai matsa ina.

Malamar jardan, Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tambaya ɗaya: yaya zan san sun iya da gaske, ba haddace hotunan suka yi ba?

Malamin CI, Tawa:
Hanya biyu. Ki cire hoton tsakiya ki ɓoye, ki tambaya me ya ɓata, mai hadda zai yi shiru, wanda ya gane zai ce ai ba a nuna inda ya hana su ɓaure ba. Sannan ki kawo sabon jeri da ba ki taɓa ba da labarinsa ba: akuya ta tsinke igiya, ta shiga garkar albasa, mai garka ya koro ta. Ki kira su ɗaya-ɗaya, biyar a rana, ki rubuta a kaye wanda ya jera kuma ya faɗi dalili. Cikin kwana goma kin zagaye ajin, waɗanda suka kasa kuma su koma kan hoto biyu.