Robar famfon ruwan injina ta sake lalacewa, orijinal zan saya ko me?

Salam 'yan uwa. Ina da injin Yamaha mai doki 40 a jirgin ruwana, ina jigilar mutane da kaya a Yawuri. Wata biyu ke nan ruwan da ke tsartowa ta bayan injin ya rage ƙarfi, in na yi tafiyar minti 20 sai kan injin ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Bakanike ya buɗe ya ce robar famfon ruwa ce ta cinye, wato mai fukafukan nan da ke turo ruwan sanyaya injin, muka sa ta kasuwa mai araha, sati uku fukafukanta biyu suka karye. Muka sake sa wata, na zura waya na share ramin da ruwan ke fita, na wanke ragar ƙasa inda ruwa ke shiga saboda yashi, yanzu ita ma ta fara, ruwan sai ɗigo-ɗigo. Wallahi na gaji, ranar kasuwa biyu na rasa.

Orijinal ɗin kuɗinta ya kusa ninka wannan sau uku, kuma bakaniken ya ce gidan robar ma ya ɗan zaizaye. Masu irin injin nan, in na sa orijinal ita kaɗai a tsohon gidan za ta riƙe, ko dole sai na canza saitin famfon gaba ɗaya?