Waɗannan manyan gine-ginen kwamfuta na Amurka, me ake dafawa a cikinsu?

DanTirela ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata bakwai ina jan tirela a Texas, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya, shi ne na ce bari in kawo shi nan.

An ba ni lodin manyan naɗin wayar wuta, irin mai kaurin damtsen ƙato, in kai wani wurin gini a yammacin jihar. Sunan wurin ba zai fito daga bakina ba, don sai da na sa hannu a takarda a bakin get. Na isa da asuba, na yi sallah a gefen mota, gari na wayewa na ga inda na zo. Gini ne dogo ba taga ko ɗaya, in ka tsaya a wannan kusurwa, mutumin da ke waccan sai ka ce tururuwa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A bayansa taransfomomi ne jere, kowacce ta kai shago, ga janaretoci cikin kwantena sun yi sahu kamar layin mai. Mai gadi ya liƙa 'yar takarda a kan kyamarar wayata. Na tambayi yaron da ke sauke kayan me za a yi a nan, ya ɗaga kafaɗa ya ce AI, wato fasahar ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT.

To amsar nan ce ba ta shige ni ba. A Janairun 2025 Trump ya tsaya a Fadar White House da shugabannin OpenAI da Oracle da SoftBank, suka sanar da shirin Stargate, dala biliyan 500 cikin shekara huɗu. Wurinsu na farko yana Abilene, garin da nake ratsawa a kan titin I-20 kusan kowane mako, kuma an ce in an gama zai ja megawat 1,200. Madatsar Kainji gaba ɗayanta megawat 760 ce. Najeriya kaf tana fama tsakanin 4,000 da 5,000. Yanzu a ce duk wannan don ɗana ya tambayi ChatGPT aikin gida ne? Ruwa ba ya tsami banza. Me ake yi a ciki tsakani da Allah?

Injiniyan_Sanyi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni aikina ke nan, ɓangaren sanyaya injina a wata cibiyar bayanai a arewacin Virginia, kuma in ka shiga ciki sai ranka ya ɓaci don rashin abin kallo. Kantoci ne na ƙarfe jere, fitilu na ƙyafta ido, ƙarar fanka sai ka toshe kunne. A dare ɗaya ba mu fi 'yan ƙalilan ba a gini.

Lissafin wutar ba shi da wani sirri. Ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ɗaya ta kamfanin Nvidia, samfurin H100, tana shan wat 700, kusan dutsen guga ke nan da ba a kashe shi dare da rana. Akwati ɗaya yana ɗauke da takwas. Elon Musk ya tara 100,000 a Memphis a 2024, ya sa wa wurin suna Colossus. Buga ka gani: megawat 70 ke nan kafin ka sa wutar sanyaya su, don duk wutar da ta shiga zafi take komawa, zafin nan kuma dole a fitar da shi da ruwa ko iska, in ba haka ba cikin mintuna komai ya tsaya. Rabin abin da ka gani a bayan ginin nan aikin fitar da zafi ne da tanadin ko wuta za ta ɗauke.

Abin da suke yi iri biyu ne. Na farko horar da manhajar: a ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa, ta yi ta cankar kalmar da ke biye, ana gyara ta, wata da watanni. Wannan dole sai injinan suna wuri ɗaya, kusa da juna, don kowane daƙiƙa suna musayar lissafi, shi ya sa ba a rarraba su gari-gari. Na biyu amsa tambayoyin mutane. Ɗanka ɗaya ne, amma irinsa ɗaruruwan miliyoyi ne a mako, wasu hoto suke so, wasu bidiyo, wasu kamfanoni ne da suka sa ta rubuta musu manhaja yini guda cur.

Dattijon_Zango ya rubuta:

Injiniya, ka faɗi abin da ka gani a ɗakin da aka bar ka ka shiga. Ni na girme ku, kuma na ga jiya.

A Bluffdale ta jihar Utah hukumar leƙen asiri ta NSA ta gina irin wannan gini, kuɗinsa ya kai dala biliyan ɗaya da rabi. Ana cikin gininsa, a 2013, Edward Snowden ya fasa ƙwai, duniya ta ji labarin shirin leƙen asiri na PRISM, ta ji cewa ana karɓar bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet. Kafin ranar, duk wanda ya faɗi haka mahaukaci ake ce masa. A shekarar ce kuma hukumar leƙen asiri ta CIA ta ba Amazon kwangilar aikin kwamfuta ta dala miliyan 600. A Disambar 2022 ma'aikatar tsaron Amurka ta raba irin wannan kwangilar da ta kai dala biliyan 9 tsakanin Amazon da Google da Microsoft da Oracle. Shi kuwa Larry Ellison na Oracle, wanda ya tsaya kusa da Trump ranar Stargate, da bakinsa ya faɗa wa masu zuba jari a Satumbar 2024 cewa jama'a za su shiga taitayinsu saboda kyamarori na naɗar komai, AI na dubawa. Ba ni na faɗa ba.

Da can matsalar mai leƙen asiri ita ce ya tara muryoyi ba mai saurare. Wa zai zauna ya ji hirar miliyoyin mutane da Hausa da Fulatanci da Larabci? Yanzu an samu mai sauraren da ba ya barci. Ɗana direba, biri ya yi kama da mutum.

Injiniyan_Sanyi ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa maka tarihin ba. Amma duba girman: ginin Utah ɗin nan megawat 65 aka ba da rahoton yana ja. Ajiyar bayanai ba ta cin wuta sosai, lissafi ne ke ci. Wanda leƙe kawai yake so ba ya buƙatar 1,200. Inda na yarda da kai shi ne, injin da aka gina don ciniki ba ya ƙin aikin hukuma in an kawo masa.

Hajiya_Mai_Atamfa ta rubuta:

Ku maza kullum sai kun nemo aljani a cikin tulu. Ni 'yar kasuwa ce, kuma abin da na gani a nan kasuwa ce tsagwaronta. In wata atamfa ta yi tashe, kowa sai ya ciyo bashi ya cika shago, ba don ya san mai saye ba, don tsoron kada maƙwabcinsa ya riga shi. Zuckerberg mai Facebook na gina nasa a Louisiana, Hyperion, yana maganar megawat 5,000. Microsoft ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 don a sake tada injin nukiliya na Three Mile Island, megawat 835, wurin da ɗan uwan injin ya yi hatsari a 1979. Wannan ba halin mai ɓoye sirri ba ne, halin mai tsoron a bar shi a baya ne.

Ku lura da su wane ne maginan ma. Crusoe da ke gina na Abilene da haƙar Bitcoin ta fara. CoreWeave ita ma daga haƙar kuɗin kirifto ta taso. Sun ga inda riba ta koma suka juya akala. Kuma ranar 27 ga Janairun 2025, bayan da kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya nuna ana iya yin abin da araha, darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 590 a yini ɗaya. Da wani babban sirri ne a ƙasa, labari ɗaya ba zai girgiza su haka ba. A wajen 2000 ma haka aka binne wayoyin intanet ko'ina, kamfanoni suka karye, wayoyin suka yi shekaru ba a kunna su ba, daga baya wasu suka saye su a arha. Ni mai sayar da ƙwaƙwalwar kawai na ga yana ƙirga kuɗi a hannu.

DanTirela ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Injiniya, misalin dutsen gugan nan ya zauna mini, yanzu na gane dalilin kaurin wayar da na ɗauko. Baba, maganarka ce ta fi kusa da abin da zuciyata ta raya mini lokacin da aka liƙe mini kyamara, ko da yake in an bi ta gaskiya, a ma'ajiyar kayan wani kanti ma an taɓa yi mini haka. Hajiya kuwa kin ba ni tsoro ta wani gefen, don lodin irin waɗannan wurare ne ke riƙe da mu bana, kuma ban gama biyan kuɗin motar ba.

Saura tambaya ɗaya, Injiniya. Ina nan a Fabrairun 2021 lokacin da sanyi ya durƙusar da wutar Texas, kwana uku muka yi da yara a cikin bargo, muna ɗumama ruwa a kan risho. In irin wannan ta sake faɗowa, wa za a fara yanke wa wuta, unguwarmu ko ginin nan marar taga? Jibi ina da wani lodin zuwa can, taransfoma ce wannan karon.